Ikon da Muke Neman a Rage wa Abuja, Hannun Wa Zai Faɗa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan maganar nan da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wato gyaran kundin tsarin mulkin Nijeriya da sake rabon iko tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi. Ni tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, na shafe shekaru masu yawa a sashen kuɗi kafin in yi ritaya, saboda haka abin da zan faɗa ya fito ne daga abin da idona ya gani a sakatariya, tare da ɗan abin da na karanta a cikin kundin kansa, wanda har gobe kwafinsa yana ajiye a ɗakina.

Duk inda aka zauna ana wannan muhawara, a rediyo ne ko a majalisar ƙofar gida bayan sallar la'asar, magana ɗaya ake nanatawa: Abuja ta tara iko da yawa, a rage mata a bai wa jihohi. Ban ƙi wannan ba, domin akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da hurumin yin doka a kansu ya kai 68 a kundin 1999, tun daga tsaro da kuɗin ƙasa da ma'adinai har zuwa awo da ma'auni, kuma a rabon arzikin ƙasa gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 36 su raba kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba kashi 20.60. Amma tambayar da ba kasafai ake yi ba ita ce wadda ta dame ni: idan an sauko da ikon nan daga Abuja, a hannun wa zai sauka? A yadda jihohinmu suke yau, zai faɗa ne hannun mutum ɗaya, wato gwamna, domin majalisar da aka kafa don ta taka masa burki ta zama 'yar amshin shata, kotun da ya kamata ta yi masa iyaka tana jiran kuɗin man janareta daga ofishinsa, ƙaramar hukuma kuwa ta koma tamkar wani reshe na gidan gwamnati.

Masu ilimin mulki sun daɗe da gane cewa iko kamar wuta yake, ba a barin sa a bukka ɗaya ba tare da ruwa a kusa ba. Shi ya sa aka raba shi ta fuska biyu. Fuska ta farko ita ce a raba shi tsakanin tsakiya da sassan ƙasa, wannan shi ake kira tsarin tarayya. Ta biyu ita ce a kowane mataki a raba shi gida uku: masu yin doka daban, masu zartar da ita daban, masu yanke hukunci da ita daban. Wani masani Bafaranshe mai suna Montesquieu ne ya shahara da bayyana wannan rabo na gida uku a shekarar 1748, Amurkawa kuma suka haɗa fuskokin biyu a kundin da suka rubuta a birnin Filadelfiya a 1787, wanda daga gare shi muka aro tsarin shugaba mai cikakken iko a 1979. Abin lura shi ne, fuskokin nan biyu ɗan juma ne da ɗan jummai, ɗaya ba ta tsayawa sai da ɗaya. Tarayyar da babu rabon iko a cikin jihohinta ba ta kawar da mulkin kama-karya ba, ta dai raba shi gida 36.

Kuma kada wani ya ce wannan tunani baƙo ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun san cewa sarki ba ya naɗa kansa. A Kano, Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta su ne masu zaɓen sarki, kuma tun zamanin Daular Usmaniyya malamai suka yi ta jaddada cewa alƙali yana hukunci ne da abin da shari'a ta ce, ko da bai yi wa mai mulki daɗi ba, baitulmali kuma amana ce, ba aljihun sarki ba ne. Ko an cika wannan a aikace ko ba a cika ba, wani zance ne daban, amma ma'aunin da ake auna adalcin shugaba da shi sananne ne tun kafin Turawa su iso.

Tarihin tarayyarmu ya kamata kowane ɗan Arewa ya san shi, domin mu ne muka fi kowa dagewa a kanta da farko. Bayan rikicin da ya biyo bayan ƙudirin neman mulkin kai na 1953, shugabannin Arewa sun nemi kowane yanki ya riƙe al'amuransa, kuma kundin Lyttelton na 1954 ya tabbatar da tarayya mai yankuna uku, kowanne da firimiyansa da majalisarsa da ma'aikatansa da kotunansa. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya zaɓi ya zauna a Kaduna maimakon Ikko, saboda a lokacin Kaduna wurin aiki ne na gaske. Da Janar Aguiyi-Ironsi ya soke tarayya da doka mai lamba 34 a watan Mayun 1966, Arewa ta ƙi amincewa, abin da ya biyo baya kuwa baƙin tarihi ne da ba ma fatan a maimaita. Janar Gowon ya dawo da tarayya, ya ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, Janar Murtala ya mai da su 19 a 1976, suka zama 21 a 1987, suka zama 30 a 1991, sannan 36 a 1996. Duk jihohin nan sojoji ne suka yanka su, kuma soja bai san rabon iko ba, umarni ya sani daga sama zuwa ƙasa. Gwamnan soja shi ne mai yin doka, shi ne mai zartarwa, babu majalisar da za ta tambaye shi. Ina ganin wannan ɗabi'a ce gwamnoninmu na farar hula suka gada tare da gidan gwamnati da jiniya, har ma kundin da muke aiki da shi ya zo mana ne ta hannun soja, a matsayin doka mai lamba 24 ta 1999 wadda gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta fitar.

Duk da haka, wanda ya buɗe kundin zai ga an rubuta abin da ya kamata. Sashe na 4 ya ba majalisu ikon yin doka, sashe na 5 ya ba shugaban ƙasa da gwamnoni ikon zartarwa, sashe na 6 ya ba kotuna ikon shari'a. Sashe na 120 ya hana a taɓa ko sisin kwabo daga asusun jiha sai da amincewar majalisar dokoki. Sashe na 128 ya ba majalisar jiha ikon ta binciki kowace ma'aikata don ta tono almundahana da almubazzaranci, kuma tana iya kiran duk wanda take buƙata ya zo ya yi bayani. Babban mai binciken kuɗi na jiha majalisa yake kai wa rahotonsa. Ko kwamishina gwamna ba zai naɗa ba sai majalisa ta amince. Makaman duk suna nan a rataye, masu ɗaukar su ne suka yi ƙaranci. Ina roƙon mai karatu ya tambayi kansa, yaushe rabon da ya ji majalisar jiharsa ta mayar wa gwamna da kasafin kuɗi ta ce a gyara, ko ta ƙi amincewa da buƙatar ciwo bashi, ko ta zauna a bainar jama'a ta tattauna rahoton mai binciken kuɗi? Abin da muka saba ji shi ne wasiƙar gwamna ta iso da safe, an karanta ta, an yi mata karatu na ɗaya da na biyu da na uku, kafin azahar ta zama doka.

Dokar masarautun Kano ta isa misali, kuma ba ina magana ne a kan wane sarki ya dace ko wane bai dace ba. A watan Mayun 2019 majalisar jihar ta yi dokar da ta ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu, Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, cikin 'yan kwanaki kaɗan. A watan Mayun 2024 wata majalisar ta soke sababbin masarautun da irin wannan hanzari, gwamna ya sa hannu a ranar da aka zartar. Al'amari mai tarihin ɗaruruwan shekaru, wanda ya shafi miliyoyin mutane, sau biyu ana yanke shi cikin gaggawa, kuma sau biyun abin da majalisa ta zartar ya zo daidai da abin da gwamnan lokacin yake so. Daga baya kotun tarayya da kotun jiha suka riƙa ba da umarni masu karo da juna, talaka ya rasa wanda zai bi. Da majalisa ta tsaya ta saurari jama'a yadda ya kamata tun a karon farko, da wataƙila abin da aka gina bai rushe da sauyin gwamnati ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne abin da ya faru a gyaran kundi na 2010. Sashe na 9 ya ce ba a gyara kundin sai kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi, wato 24, sun amince. An kawo wa majalisun nan shawarar a ba su 'yancin karɓar kuɗinsu kai tsaye ba tare da sun bi ta hannun gwamna ba, amma aka kasa samun 24 ɗin da za su amince da 'yancin kansu. Sai a 2018 aka samu gyaran ya wuce, ya haɗa da ɓangaren shari'a na jihohi, kuma ko bayan nan sai da ma'aikatan kotuna suka rufe kotunan ƙasar nan sama da wata biyu a 2021 suna neman a aiwatar da abin da kundi ya riga ya faɗa. Shugaba Buhari ya yi ƙoƙarin tilasta wa gwamnoni da umarnin shugaban ƙasa mai lamba 10 a 2020, Kotun Ƙoli ta soke umarnin a 2022 bisa hujjar cewa ya wuce huruminsa. A ganina kotun ta yi daidai, domin ba a gyara ɓarna da wata ɓarnar, amma hukuncin ya nuna mana cewa Abuja ba za ta iya ceto majalisar da ba ta shirya ceton kanta ba.

Yanzu bari in zo inda na fi sani. Sashe na 7 ya ba da tabbacin cewa ƙananan hukumomi za su kasance a hannun zaɓaɓɓun shugabanni, jadawali na huɗu kuma ya lissafa ayyukansu: kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa, ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da noma. Waɗannan su ne abubuwan da ke taɓa rayuwar mutumin ƙauye kullum safiya. Amma sashe na 162 ya ce kason ƙananan hukumomi zai bi ta wani asusu da jiha ke riƙewa, wanda muke kira asusun haɗin gwiwa. Sunan yana da daɗin ji. A aikace kuwa, kura ce aka bai wa ajiyar nama.

Ba zan manta da wata damina ba. Ruwa ya cinye kwalbatin da ya haɗa wasu ƙauyuka uku da hanyar kasuwa, sai dagaci da limami da dattawa biyar suka zo sakatariya a bayan akori-kura, rigunansu duk laka. Na shigar da su wurin ciyaman, ya saurare su da kyau, ya sa injiniya ya yi ƙiyasi, kuɗin ma ba wani mai yawa ba ne idan aka kwatanta da abin da aka rubuta cewa kasonmu ne a watan. Amma ciyaman ba shi da ikon sa hannu a kan irin wannan adadi sai an amince daga babban birnin jiha. Ni da kaina na ɗauki fayil ɗin na kai, na zauna a benci a baranda tare da ma'aikatan wasu ƙananan hukumomi, kowa rungume da nasa fayil, tun safe har aka tashi aiki. Na koma sau uku. Kafin amincewa ta fito kaka ta yi, manoman nan sun riga sun sayar da amfaninsu da araha ga 'yan baranda da suka zagayo ta wata hanya, kuma a tsakanin nan an ɗauki wata mai naƙuda a amalanke an yi zagaye mai nisa da ita kafin a kai ta asibiti. Da dagacin ya sake zuwa, bai yi faɗa ba, ya dube ni kawai ya ce, "Malam, to mu wa muka zaɓa ke nan?" Har na bar aiki ban samu amsar da zan ba shi ba.

A ƙarshen kowane wata abin da ke iso mana shi ne kuɗin albashi da ɗan abin gudanar da ofis. Sauran an ce an cire don ayyukan haɗin gwiwa, ayyukan da ba mu zaɓa ba, ba mu san ɗan kwangilarsu ba, wani lokaci ma ba a yankinmu aka yi su ba. Ciyaman ɗin da ya ɗaga murya, ana iya dakatar da shi a kawo kantoma. Ba ina wanke ma'aikatan ƙananan hukumomi ba ne, domin a cikinmu ma akwai masu hannu dumu-dumu, akwai sunayen ma'aikatan bogi a takardar albashi, akwai sakatariyar da ba ta cika sai ranar rabon kuɗi. Amma mutumin da aka raba shi da iko an raba shi da alhaki, kuma talaka ba zai iya tuhumar wanda zai ce masa "ba a sako mana ba" alhali gaskiya yake faɗa.

Saboda haka na yi farin ciki ranar 11 ga Yulin 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar da jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta babban hukuncin, inda kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kwamitin riƙo, kuma ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓu ke riƙe da ita ba ba ta cancanci a sakar mata kuɗi ba. Sai dai adalci ya sa in ambaci hujjar masu suka, domin ba ta banza ba ce. Suna cewa maganar asusun haɗin gwiwa a rubuce take ɓaro-ɓaro a sashe na 162, aikin kotu kuwa fassara ne, sauya rubutu aikin majalisu ne, kuma a tarayya irin ta Amurka ƙananan hukumomi a ƙarƙashin jihohi suke, babu ruwan gwamnatin tsakiya da su. Wannan gaskiya ne game da Amurka, amma ba ita kaɗai ce tarayya a duniya ba. Kundin Birazil na 1988 ya sanya ƙananan hukumomi cikin ginshiƙan tarayya, Indiya ma ta gyara nata a 1992 don ta ba majalisun ƙauyuka da na birane matsayi tabbatacce. Ra'ayina shi ne kotun ta magance cutar da ta daɗe tana cin jama'a, amma maganin ba zai zauna daram ba sai an shigar da shi cikin kundi ta hanyar sashe na 9. Nan kuma aka dawo gidan jiya, domin Majalisar Tarayya ta amince da irin wannan gyara a 2022, ya je majalisun jihohi ya maƙale.

Kuma mun ga abin da ya biyo bayan hukuncin. Jihohi da dama sun yi rige-rigen shirya zaɓen ƙananan hukumomi, hukumar zaɓen da gwamna ya naɗa ta shirya, kuma a kusan ko'ina jam'iyyar da gwamna ke so ta lashe kujerun kakaf ko kusan haka, ba tare da bambanci tsakanin wannan jam'iyya da waccan ba. Idan wanda aka kira zaɓaɓɓe ya san cewa mutum ɗaya ne ya ɗora shi, to ko kuɗin ya shigo asusunsa kai tsaye ya san inda zai mayar da shi.

Ba na son a ɗauka cewa rabon iko bai taɓa aiki a ƙasar nan ba. Ya yi, kuma lokutan da ya yi su ne suka cece mu. A farkon 1980 gwamnatin tarayya ta kori Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, zuwa Cadi bisa zargin cewa ba ɗan ƙasa ba ne, kotu a Maiduguri ta ce an zalunce shi, ya dawo gida. A 2004 Shugaba Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas saboda jihar ta ƙirƙiro sababbi 37, Kotun Ƙoli ta ce shugaban ƙasa ba shi da wannan iko, ko da yake sai a zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa aka saki ragowar kuɗin. Ranar 16 ga Mayun 2006 Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta binne yunƙurin tazarcen Obasanjo, jama'a suna kallo a talabijin. A ƙarshen 2006 ɗin Kotun Ƙoli ta mayar da Rashidi Ladoja kujerar gwamnan Oyo, bayan 'yan majalisa 18 cikin 32 sun yi iƙirarin tsige shi ba bisa ƙa'ida ba. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa sun ga ɗaya fuskar: a 2009 kotun tsarin mulki ta ce wa Shugaba Tandja Mamadou shirinsa na tazarce ya saɓa wa doka, ya rushe majalisa, ya rushe kotun, ya yi ƙuri'ar raba-gardama a watan Agusta, kafin ƙarshen Fabrairun 2010 sojoji sun kifar da shi. Wanda ya rushe katangar da ta tare shi, ya rushe wadda ke kare shi.

Akwai kuma darasi ta ɗaya gefen, don kada a zaci ina kiran majalisa ta zama abokiyar gabar gwamna. A tsohuwar jihar Kaduna, Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya yi mulki ba tare da kwamishinoni ba saboda majalisar da NPN ke da rinjaye a cikinta ta ƙi amincewa da sunayen da ya aika, daga ƙarshe ta tsige shi a watan Yunin 1981. Wannan ma ba shi ne manufar rabon iko ba. Majalisar da ke cewa "a'a" ga komai don ƙiyayyar jam'iyya da wadda ke cewa "na'am" ga komai don kwaɗayi, dukansu sun bar aikin da aka zaɓe su su yi, wato su duba kowace buƙata da idon mutanen mazaɓarsu.

Wannan ne ya kawo ni ga batun 'yan sandan jihohi. Wanda ya ga abin da 'yan bindiga suka yi wa Zamfara da Katsina da Sakkwato da Birnin Gwari ba zai yi gardamar cewa rundunar 'yan sanda guda ɗaya, kamar yadda sashe na 214 ya tanada, ta yi wa ƙasa mai faɗin Nijeriya kaɗan ba. Ɗan sandan da ya san daji, ya san harshe, ya san gidan kowa, ya fi wanda aka turo daga nesa amfani. Amma dattawanmu suna nan da rai waɗanda suka ga zamanin 'yan doka na En'e, suka ga yadda aka yi amfani da su da kotunan alƙalai wajen kama magoya bayan NEPU da ɗaure su a kan laifin halartar taron siyasa, har gwamnatin Gowon ta haɗe su cikin 'yan sandan tarayya. Gwamnan da yake da rigar kariya a ƙarƙashin sashe na 308, yake da majalisa a tafin hannunsa, yake riƙe da kuɗin kotu, shi ya naɗa hukumar zaɓen ƙananan hukumomi, idan aka ƙara masa da bindiga, wa zai ce masa ya isa? Ina goyon bayan 'yan sandan jiha, amma da sharaɗin a rubuta cikin kundi cewa naɗa shugabansu da cire shi ba zai kasance a hannun gwamna shi kaɗai ba, kuɗinsu ya fito kai tsaye, kuma a samu hukuma mai zaman kanta da talaka zai kai ƙara idan an ci zarafinsa. Gyaran da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ya riga ya buɗe wa jihohi ƙofar wutar lantarki da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali, saboda haka iko yana kan saukowa, ko mun shirya masa mazauni ko ba mu shirya ba.

Laifin kuma ba na 'yan siyasa kaɗai ba ne. A ranar zaɓe hankalinmu yana kan shugaban ƙasa da gwamna, ɗan majalisar jiha kuwa sai mu bi shi da "sak", ba mu tambayi ko ya iya karanta kasafin kuɗi ba. Bayan ya ci, abin da muke kai masa shi ne katin ɗaurin aure da takardar asibiti da neman ragon suna, shi kuma don ya iya biyan waɗannan buƙatu dole ya zauna lafiya da mai riƙe da lalitar jiha. Da hannunmu muke tura shi gidan gwamnati.

A nan ne nake da roƙo gare ku, ya Edita. A 2004, lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala take ministar kuɗi, an fara buga kason kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma a jaridun Turanci duk wata, kuma na ga da idona yadda takardar nan ta riƙa tayar da hankalin manya a sakatariya, domin mutane sun fara zuwa da ita a naɗe a aljihu suna tambaya. Amma yawancin mutanenmu da Hausa suke karatu. Ina roƙon wannan jarida ta ware shafi guda duk wata ta buga abin da kowace ƙaramar hukuma a jihohin Arewa ta samu daga asusun tarayya, ta tura wakili ya zauna a zauren majalisun jihohi ya kawo mana sunan wanda ya yi magana da wanda ya yi shiru ranar da aka amince da bashi, sannan ta riƙa fassara mana sassan kundin nan ɗaya bayan ɗaya cikin Hausa mai sauƙi, a fara da sashe na 7 da na 120 da na 128 da na 162. Sashe na 97 ma ya yarda majalisar jiha ta gudanar da zamanta da harshen da jama'arta ke ji idan ta amince da hakan, don haka ku taya mu neman a riƙa muhawarar kasafin kuɗi da Hausa ana watsawa a rediyo, yadda dagacin nan da ya zo mini da laka a rigarsa zai kunna akwatinsa ya ji da kunnensa ko wakilinsa ya ambaci kwalbatin.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Wani tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma